Tiya Tara a Gidan Mutum Uku

"Inna Hansai, ki ce mata tana barci," in ji Dassin, ba tare da ta daina yi wa uwarta fifita ba.

Uwar tata, Fadimata, kuwa idonta biyu. Ita ce ma ta fara jin sallamar daga ƙofar gida, duk da tarin da ya cinye ƙirjinta, ta ɗaga yatsa ɗaya ta kaɗa shi. Hansai, maƙwabciyarta ta shekara ashirin, ta miƙe da ƙyar, ta nemi takalmanta. Cikin duk aiken da aka yi mata a gidan nan tun da ciwon ya kwantar da Fadimata, wannan ne kawai ba ta so, kuma kullum ita yake faɗowa.

A ƙofa 'Yargata ce tsaye, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya. Tun daga bayan gari ta tako, inda gidajen kwali da fasassun ganguna suke.

"Sannu, Hansai. An ce jikin yayana ya yi tsanani."

"Ya yi. Amma tana kwana yanzu."

'Yargata ta yi ɗan murmushi. "Shekara goma sha uku, duk ran da na zo barci yake." Haka Hausarta take, irin ta mutanen Abzin da yawa, mace da namiji duk ɗaya. "Uwana da uwanshi ciki ɗaya suka fito. Ka gaya mishi ban zo roƙon komi ba. Fuskanshi kawai na so in gani."

Ta juya ta tafi. Hansai ta tsaya tana kallon bayanta har ta sha kwana wajen famfo. A duk faɗin Arlit mutum ɗaya ne ya san 'Yargata ba ta yi abin da ake zarginta da shi ba, kuma shi ne aka aiko ya kore ta.

Hansai 'yar Tawa ce. Ta zo garin nan amarya, lokacin da kamfanin ma'adini ke ɗaukar ma'aikata kamar ba gobe. Da kasuwar ma'adinin ta faɗi aka sallami mijinta, Zayyadu, sai suka sayi injin niƙa suka kafa a rumfa jikin gidansu, kuma ita ta riƙe shi. Wanda bai taɓa zama wurin niƙa ba bai san gari ba. Mai niƙa ba ta buƙatar leƙa tukunyar kowa: daga ƙwaryar da aka ajiye mata ta san gidan da aka yi baƙi, da gidan da miji ya yi tafiya, da gidan da aka fara kwana da yunwa ana rufa asiri. Hansai ta iya wannan karatu, kuma Allah ya ba ta baki. Mata na zuwa niƙa, suna zama don dariya.

Shekarar da tawaye ya yi zafi, aka fara kamen Abzinawa a gari, ƙwaryar gidan Fadimata ta canza. Su uku ne a gidan, ita da Dassin da ɗanta Amumun, direban motar ma'aikata. Tiya uku ta saba aikowa. Sai ga tara, bayan kwana biyu kuma wata tara. Wata safiya Dassin ta ɗauki garinta ta fita, Hansai ta kaɗe hannu ta ce, don dai a yi dariya:

"Ku gane mini Buzuwar nan tawa! Gidan mutum uku, tiya tara. Ko aljanu taka ciyarwa?"

Aka kwashe da dariya. Mace ɗaya ce ba ta yi ba, wata baƙuwa mai sabon zane, ta ce, "Wace ce haka?" Hansai, da bakinta ya riga ya yi gudu, ta nuna da haɓa: ga gidan nan mai shuɗiyar ƙofa, katanga ɗaya muke.

Washegari da hantsi masu kaki suka zo da mota. A ɗakin baya suka tarar da maza shida, dangin marigayi mijin Fadimata, makiyaya daga Gugaram waɗanda fari ya kashe wa dabbobi, rikici kuma ya koro su ba takarda. Aka tafi da su, aka haɗa da Amumun. Bayan watanni aka sako tsofaffin. Amumun bai dawo ba, ba a kuma nuna wa uwarsa kabari ba. Da a ce abin ya tsaya nan, da Hansai ta samu abin yaudarar kanta. Amma bayan mako guda baƙuwar ta dawo niƙa, ta sunkuyo kusa da kunnenta saboda ƙarar inji, ta ce, "Maigidana ya ce a gode miki." Ashe matar mai kaki ce.

Mutane ba sa zama da masifa ba tare da sun nemo mata uwa ba, sai suka nemo 'Yargata. Tana sayar da cuku a ƙofar bariki, kuma kwana uku kafin kamen an ji ta tana faɗa da Fadimata, tana cewa ajiye mutanen nan zai jawo musu wuta. Ba wanda ya tuhume ta a fili. Ranar zaman makokin Amumun ta shigo ta zauna, Fadimata ta tashi daga tabarmar, shi ke nan hukunci ya yanku. Aka daina sayen cukunta, aka daina kiranta suna da biki, har ta kwashe ta koma bayan gari. Hansai na kallo. Ta ce a ranta za ta faɗa bayan arba'in, sannan ta ce bari zafin ya huce, sannan ta ce bari a yi sulhu.

Aka yi sulhun. Maza suka sauko daga duwatsu, aka sha hannu, aka ɗauki hotuna, aka raba muƙamai. Matan da aka bari da marayu da tukwane wayam ba wanda ya tambaye su. Fadimata ce ta ɗaura mayafi ta shiga gida gida, ba ta san ko harafi ɗaya na Faransanci ba, tana tara matan Abzinawa da na Hausawa da na Fulani waɗanda suka daina gaisawa a famfo. Da su ta kafa ƙungiya, da su ta buɗe rumbun cimaka na mata, ta zauna a ƙofar ofisoshi har aka gaji da ganinta aka ba unguwa aji biyu na lakwal, wato makarantar boko, don 'ya'yan waɗanda suka dawo daga gudu. Da zaɓen ƙananan hukumomi ya zo, doka ta ce dole a sa mata a jerin 'yan takara, 'yan jam'iyya suka liƙa sunanta can ƙasa don cika ƙa'ida. Matan suka aika musu cewa ko a hau da ita sama, ko ranar zaɓe kowace ta zauna gida ta yi kitso. Aka hau da ita, ta ci. A zauren majalisa in wani mai ilimi ya tsunduma cikin Faransanci sai ta buga tebur ta ce, "Malam, dawo gida, mu nan muke."

Duk wannan tafiya Hansai na gefenta, ita ce mai riƙe jaka, mai kiran taro, mai lallashin waɗanda aka ɓata wa rai. Mutane na cewa ba su taɓa ganin amana irin tata ba. Kuma ba taron da Fadimata za ta tashi ba ta kama hannunta ta ɗaga sama ba.

"Ku dubi wannan. Bahaushe ne, ɗan Tawa. Ran da aka tafi da ɗana, shi ya tsallako katanga ya riƙe ni, shi ya dafa mini wata uku. In ni da shi mun zauna, ku ma ku zauna."

Gaskiya ne, ta tsallako, ta dafa. Mata su yi guɗa, Hansai ta sunkuyar da kai, a ce kunya ce.

Bara fari ya dawo, fara ta cinye ragowar, gero ya yi wuyar gani. A layin rabon hatsi Fadimata ta faɗi, daga nan ba ta sake tashi ba. Ta ciyar da kowa daga rumbun nan, har da matan masu kaki, ta ce yunwa ba ta san kaki ba. Suna ɗaya ne ta hana a rubuta. Hansai takan ɗebi gari daga nata ta aika bayan gari a ɓoye, 'Yargata ta aiko da godiya da addu'a, Hansai ta kasa cewa amin.

Da ta koma ɗaki, Fadimata ta ce, "Ya tafi?"

"Ta tahi, Yaya."

Hantsi ya wuce, rana ta take, aka kira azahar, Dassin ta fita ɗora ruwan zafi. Fadimata ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro makullin rumbu, ɗaure da igiyar fata da ta yi baƙi don riƙo, ta sa a tafin Hansai ta naɗe yatsunta a kai.

"Asabar mata za su zaɓi shugaba. Na gaya musu kai nake so. Hausawa naka ne, mutanena kuma sun yarda da kai. In aka ba wani, kafin damina kowa ya koma ɓangarenshi." Ta yi tari har idonta ya kawo ruwa. "Kuma ka riƙe mini abu ɗaya. Wancan da ya zo ɗazu, ko bayan raina, kada ya ci daga rumbun nan."

Hansai ta dubi makullin. Shekara goma sha uku tana jiran ranar da faɗar za ta yi sauƙi, ga shi ranakun sun ƙare, saura wannan. In ta yi shiru, za a binne Fadimata da ƙiyayyar 'yar'uwarta, kuma ita ce za ta gaji ƙiyayyar ta ci gaba da aiwatar da ita da hannunta.

"Yaya, ba ita ba ce."

"Me?"

"'Yargata. Ba ita ta kai maganar mutanen Gugaram ba. Ni ce."

Ta faɗa duka, ba ta rage ba: ƙwaryar, da wasan aljanu, da baƙuwa mai sabon zane, da haɓar da ta nuna ƙofa, da godiyar da aka aiko mata. Muryarta ta fito siririya kamar ba tata ba. A waje motar ma'aikata ta yi oda a bakin titi, ta kwashi masu aikin rana ta wuce, Fadimata ba ta motsa ba. Idanunta na kan rufin kwano.

Can ta ce, "Tiya nawa ka ce?"

"Tara."

"Goma sha biyu ne. Uku ina dakawa a turmi da kaina, don kada a gane." Ta lumshe ido. "Na yi tunanin kowa. Na yi tunanin mai shago, na yi tunanin mai ruwa. Ban yi tunanin inji ba."

"Wallahi, Yaya, ban yi da nufi ba. Wasa nika yi."

"Na sani wasa ne. Kai komi wasa ne." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. "Ran nan wasa ne. Shekara goma sha uku da suka biyo fa?"

Hansai ta zame daga bakin gado ta durƙusa a ƙasa, ta kama ƙafar Fadimata, ƙafar ta yi sanyi. "Ki yahe mini, don Allah, don Annabi."

"Na tsaya gaban manya na ce na yafe wa masu bindiga," in ji Fadimata a hankali, kamar da kanta take magana. "Aka yi mini tafi. Ɗiyan innana kuma na hana shi gero a shekaran yunwa. Da wannan zan je gaban Allah." Ta janye ƙafarta. "Ba lokacinka ba ne yanzu. Ajiye makullin nan. Tashi ka kawo mini shi."

Hansai ta ajiye makullin a kan tabarma, ta fita ko mayafinta ba ta gyara ba. Ba ta taɓa hawa kabu-kabu ba a rayuwarta, tana cewa na 'yan mata ne, amma ranar ta tare na farko ta haye. Suka ratsa kasuwa, suka wuce tashar manyan motoci, kwalta ta ƙare, suka shiga lungunan da ba su da suna.

Ta tarar da 'Yargata tsugune a bayan bukkarta, tana jiƙa yagaggen kwali a ruwa tana ba awaki biyu, abincin dabbobin bana ke nan. Da ta ga Hansai sai ta miƙe da sauri.

"Ya rasu?"

"A'a. Tana kiranki."

'Yargata ta tsaya da kwalin a hannu, ruwa na ɗiga. "Ni? Me ya faru?"

Hansai ta so ta ce su tafi tukuna, a yi maganar a can. Ta ga wannan ma wani jinkirin ne irin na da, sai ta faɗa, a tsaye, a rana, mai babur na jira. Karo na biyu bai fi na farko sauƙi ba.

'Yargata ta saurara har ƙarshe. Ta sa kwalin a gaban awaki, ta share hannu a zane.

"Kai ne."

"Ni ce."

"Garin da kake aiko mini, ina cewa Allah ya ba ka Aljanna." Ta gyaɗa kai. "Ɗiyana ba wanda ya nemi aurenshi a garin nan. Ya tafi Tamanrasat wanke-wanke, shekara shida ban gan shi ba. Ka san wannan?"

"Na sani."

"Ka sani." Ta shiga bukka, ta fito da baƙin mayafinta na fita unguwa, ta ja ƙyauren kwano.

"Ga mashin, ki hau, ni in biyo ki da ƙasa," in ji Hansai. "Jikin ba ya jira."

"Ban hawa abin da kai ka kawo."

Ta kama hanya da ƙafa. Hansai ta roƙe ta har sau uku, ba ta ko waiwayo ba, sai ta sallami mai babur ta bi bayanta. Tsohuwar na da ciwon gwiwa, tana tafiya tana dafa katanga, ta tsaya ta huta, ta ci gaba. Hansai na baya da taku biyar, ba ta isa ta matso ba, ba ta isa ta wuce ba. A kasuwa mata na gaishe ta, "Inna Hansai, ya jikin Hajiya?", suna kuma bin 'Yargata da kallon mamaki. Ba ta taɓa sanin garin nan yana da faɗi haka ba.

Ana kiran la'asar suka shigo lungu. Daga nesa suka hango maza na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, wani na cire takalmi. 'Yargata ta tsaya cak, ta dafa bango, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Tsakar gida ta cika da matan ƙungiya. Da suka ga wadda ta shigo, surutu ya ɗauke. Wata ta yunƙura za ta tare ta, sai Dassin ta fito daga ɗaki, idanunta jajur, ta ratsa su ta kama hannun 'Yargata da hannu biyu.

"Inna, ta ce ki yafe mata. Sau uku ta faɗa, ta ce in faɗa a gaban mutane, kada in faɗa a ɗaki. Ta ce a rubuta sunanki a rumbu yau, kafin a ɗauke ta." Ta juya wajen matan. "Ta ce ranar Asabar, kafin a yi zaɓe, Inna Hansai na da magana. A bar ta ta faɗa a tsaye har ta gama, sannan ku zaɓi wadda kuka ga dama."

Matan suka dubi juna, ba su gane ba. Dassin ta gane, Hansai ta gani a fuskarta: yarinyar da ta goya, wadda ta kawo ƙwaryar da hannunta, yau ba ta iya haɗa ido da ita.

"Ni fa?" in ji Hansai, murya ƙasa ƙasa. "Ba ta ce komi ba a kaina?"

"Ta yi ta tambaya ko kun iso." Dassin ta goge fuska da bakin mayafi. "Ta ce ku biyu za ku yi mata wanka. Ban da ku kada kowa ya shiga."

Aka kawo ruwa a bokiti biyu, da ganyen magarya, da farin ƙyalle, aka saki labule. Ɗakin ya yi shiru, sai ƙudaje. An riga an tona ɗan rami a ƙasa inda ruwan zai taru. 'Yargata ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo, ta yaye mayafin daga fuskar, ta daɗe tana kallo. Ta shafa goshin da babban yatsa, ta yi magana da Tamajak, harshensu, a hankali, kalmomi kaɗan waɗanda Hansai ba ta ji ba. Sannan ta naɗe ƙyalle a hannunta na dama, ta yi bisimilla, ta miƙa hannun gefe ba tare da ta dubi kowa ba.

Hansai ta ɗaga buta. Ruwan ya kauce ya zuba a ƙasa.

"Riƙe da hannu biyu," in ji 'Yargata. "Zuba a hankali."

Ta riƙe da hannu biyu, ta zuba. Ruwan ya bi yatsun 'Yargata, ya sauka a kafaɗar Fadimata ta dama, ya gangara cikin ramin, ƙasa na shanye shi.